Me za ka ci kafin jarrabawar tuƙi? Daga daren jajibiri har ka kama sitiyari

Tun da na fara koyar da tuƙi tambayar nan ba ta ƙarewa, kusan duk wanda ranar gwajinsa ta matso sai ya yi min ita: "Malam, ranar in ci abinci ne ko in tafi ciki wayam?" Wasu ma sai ana gobe gwajin da daddare za su kira. Na sha ganin ɗalibi wanda ya iya mota sosai, ribas ɗinsa tsaf, fakin ɗinsa tsaf, amma ranar gwaji ƙafarsa ta dinga rawa a kan kuloci har mota ta mutu masa sau biyu, da na bincika sai na tarar tun daren jiya bai sa komai a bakinsa ba sai gahawa kofi biyu. Abin yana min ciwo wallahi, don watannin da mutum ya kwashe yana koyo ne da kuɗin da ya biya suke tafiya a kan abin da ana iya gyara shi da ayaba ɗaya da ƙwai biyu.

To bari in jero muku yadda nake gaya wa ɗalibaina, bi da bi. Da "ka" zan yi magana don sauƙi, amma 'yar'uwa har da ke.

1. Ka san ƙarfe nawa ne gwajin, sai ka ƙirga baya

Komai a kan wannan yake tafiya. Ciki yana ɗaukar wajen awa 2 zuwa 4 kafin ya sallami abinci na sosai, mai maiƙo ya fi daɗewa. Abin da kake so shi ne lokacin da za ka zauna a kujerar direba abincin ya riga ya sauka, ba ka jin nauyi, kuma yunwa ba ta dawo ba tukun. Wato babban abinci awa 2 zuwa 3 kafin gwaji, ɗan abin taɓawa kuma minti 30 zuwa 45 kafin.

Idan gwajin ƙarfe 9 ne na safe, karin kumallo tsakanin 6 da 7. Idan ƙarfe 11 ne ka ci wajen 8 ko 8:30. Wanda ya fi wahalar sha'ani shi ne gwajin ƙarfe 2 ko 3 na rana, saboda dama jikin ɗan Adam yana yin sanyi a wannan tsakanin ko da bai ci komai ba, agogon jiki ne haka, to in ka ɗora masa tulin abincin rana sai ka ga idonka yana lumshewa a danja. Mai gwajin rana ya ci karin kumallo mai kyau, ya ci abincin rana rabin wanda ya saba wajen ƙarfe 11:30 ko 12, sauran ya ajiye sai ya dawo.

Hattara: ka sa lokacin tafiya da lokacin jira a lissafinka. Mutum ya ci abinci ƙarfe 6 don gwajin ƙarfe 9, sai layi ya ja har ƙarfe 12, ka ga awa shida kenan ciki ba komai. Shi ya sa mataki na 4 yake da muhimmanci.

2. Ka gwada abincin tun kafin ranar

Wannan ne matakin da kowa yake tsallakewa, kuma ni a wurina shi ne ya fi duk sauran. Ranar gwaji ba ranar gwada sabon abu ba ce. Duk abin da za ka ci ranar, ya zama cikinka ya san shi, ya saba da shi, kuma ka taɓa tuƙi bayan ka ci shi ka ga yadda jikinka ya kasance.

Yadda za ka yi: a cikin sati ɗaya ko biyu na ƙarshe, ka roƙi malaminka ya sa maka darasi ɗaya ko biyu daidai lokacin da za a yi gwajin. Ranar ka tashi lokacin da za ka tashi ranar gwaji, ka ci abin da ka yi niyyar ci, ka sha abin da ka yi niyyar sha, a kan lokacin da ka tsara. Bayan darasin ka tambayi kanka, na ji yunwa a tsakiya? Na ji kasala? Cikina ya kumbura? Fitsari ya matse ni? In akwai wanda ka amsa da e, sai ka gyara, ka ƙara ko ka rage ko ka canza lokaci, ka sake gwadawa.

Mutane ba ɗaya ba ne. Akwai wanda madara ke kumbura masa ciki, akwai wanda ƙwai ke sa shi gyatsa, akwai wanda in ya sha shayi mai ƙarfi da safe hannunsa ke kaɗawa. Ni ba zan iya sanin naka ba daga nan, kai ne za ka gano, kuma gara ka gano a darasi da ka gano jami'in gwaji yana zaune a gefenka da takarda da biro.

3. Daren jajibiri

Ka ci abincin daren da ka saba, daidai cikinka, kuma ka ci da wuri, a samu kamar awa 3 tsakanin cin da kwanciya. Shinkafa ko taliya ko dankali, da ɗan kifi ko kaza ko ƙwai, da ganye, ya wadatar. Ba sai ka cika ciki wai don ka tara ƙarfin gobe ba, gwajin tuƙi ba tseren gudu ba ne, zama za ka yi.

Abin da za ka guje wa a daren: yaji mai yawa, soye-soye masu shan mai, da duk abincin da ka san yana tayar maka da ƙwarnafi ko yana sa ka zagayawa da safe. Haka abincin da ya kwana a waje ko wanda ba ka yarda da tsabtarsa ba, don gudawa ko amai ranar gwaji ba su da magani sai ɗage gwajin.

Sai maganar barci, wadda ba ta rabuwa da maganar abinci. Babba yana buƙatar awa 7 ko fiye. Mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa da saurin taka birkinsa suna raguwa kusan kamar na wanda ya ɗan sha abin maye, to ka ga wanda ya kwana yana bitar alamomin hanya har asuba ya cuci kansa. Kuma abin da ya fi hana mutane barci a daren shi ne kafeyin, sinadarin nan da ke cikin gahawa da shayi da lemon kola da lemukan ƙarin kuzari. Wajen awa 5 yake ɗauka kafin rabinsa ya bar jiki. Gahawar da ka sha ƙarfe 5 na yamma, ƙarfe 10 na dare rabinta tana nan tana aiki. Daga azahar ɗin jajibiri ka daina.

Hattara: kada ka sha maganin barci wai don ka samu ka runtsa, sai dai in likita ne ya rubuta maka kuma ka saba da shi. Da yawansu suna barin magagi har washegari. Barasa ma haka, tana ɓata barci kuma tana iya kwana a jini har safe.

4. Ka haɗa jakarka tun dare

Ba wani kayan tsada ba ne, yawanci akwai su a gida. Gorar ruwa ƙarama, ayaba ɗaya ko biyu, 'yar gyaɗa ko busassun 'ya'yan itace cikin leda, biskit marar zaƙi sosai, alewa biyu ko uku don ko-ta-kwana, da hankici ko tishu. Ka ajiye su wuri ɗaya da takardunka da tabarau in kana sawa. Abincin safen ma abin da za a iya shiryawa tun dare a shirya, a dafa ƙwai a sa a firji misali, don safiyar gwaji mutum ba ya cikin natsuwar tsayawa girki.

Duk kuɗin kayan nan bai kama ƙafar kuɗin sake biyan gwaji da ƙarin darussa ba.

5. Babban abincin, awa 2 zuwa 3 kafin

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa ita ke cinyewa, kuma da sukarin jini take aiki. Tuƙi a gaban mai gwaji aikin ƙwaƙwalwa ne zalla, ka duba madubi, ka ba da sigina, ka auna tazarar motar gabanka, ka saurari umarni, ka canza giya, duk a lokaci guda. Don haka abin da kake nema shi ne abincin da zai dinga sakin sukarin a hankali a hankali har a gama, ba wanda zai watso shi gaba ɗaya ya ƙare ba.

Ka haɗa abu uku a faranti. Na farko abinci mai sitaci wanda ba a tace shi sosai ba, kamar burodin alkama, ots (hatsin nan da ake damawa kamar kunu) ko dankali. Na biyu mai gina jiki, ƙwai ko madara ko yogot ko kifi ko gyaɗa, ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6 na furotin, kuma furotin ɗin ne ke riƙe ciki ya hana yunwa saurin dawowa. Na uku ɗan itace, ayaba ko tuffa ko lemo. Misali: burodi yanka biyu, dafaffen ƙwai biyu, ayaba ɗaya, da shayinka da ka saba. Ko ots da madara da yankakkiyar ayaba a kai. Shi kenan, ba wani sirri.

Yawan kuma, ka tashi kana jin da sauran wuri a cikinka. In ka ci har sai da ka sassauta bel, ka wuce gona da iri. Ka tuna bel ɗin mota ma zai bi ta kan cikin nan, ga zama a lanƙwashe, ga juyawa kana leƙen baya lokacin ribas.

Hattara: kuskuren da na fi gani shi ne karyawa da kayan zaƙi zalla, kek da lemon kwalba, ko donot da shayi mai suga cokali huɗu. Gwangwanin lemon kola na mililita 330 kaɗai yana da suga wajen giram 35. Za ka ji garau na ɗan lokaci, amma mutane da yawa kafin awa ɗaya ta cika sai kasala ta sauko musu, yunwa ta dawo, kuma lokacin ne daidai ake kiran sunansu.

Hattara kuma: in dama kai ba mai karyawa da safe ba ne sam, kada ka tashi ranar ka narki abinci mai nauyi don na ce a ci. Ka koma mataki na 2, ka fara saba wa cikinka da ɗan kaɗan tun sati ɗaya kafin.

6. Idan ciki ya ƙi karɓar abinci

Wannan yana faruwa da mutane da yawa kuma ba wani ciwo ba ne. In mutum ya tsorata jiki yana sakin wani sinadari da ake kira adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, jini ya karkata zuwa gaɓoɓi, narkar da abinci ta ja baya, shi ya sa baki ke bushewa, zuciya ta dinga tashi, wani kuma ya dinga zaryar banɗaki. Ka kalli abinci ka ji kamar an cusa maka tsumma a maƙogwaro.

Kada ka tilasta wa kanka faranti guda, kada kuma ka haƙura gaba ɗaya. Ka raba shi ƙanana. Rabin ayaba yanzu, bayan minti 15 gasasshen burodi yanka ɗaya ba man komai, can kuma yogot cokali kaɗan. Abu mai ruwa-ruwa ya fi saurin wucewa, in ka saba da madara ka markaɗa ta da ayaba ka kurɓa a hankali. Abu mai sanyi ko marar ƙamshi sosai ya fi sauƙi a kan mai zafi mai tashin ƙamshi idan zuciya na tashi. Kafin ka fara, ka zauna ka ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali kamar sau goma, sau da yawa wannan kaɗai yana sassauta cikin har ya karɓi loma.

Wata ɗalibata haka ta yi fama, gwajinta na farko ba ta iya cin komai ba, ana tsakiyar shataletale jiri ya ɗebe ta ta rasa hanyar fita. Karo na biyu muka tsara, ta tashi da wuri da awa ɗaya don kawai ta samu lokacin ci kaɗan-kaɗan ba gaggawa, ta ce min ayaba ɗaya da burodi yanka ɗaya sai da suka ɗauke ta kusan minti arba'in, amma sun shiga, kuma ranar ta ci gwajin.

7. Ruwa

Ƙarancin ruwa ko kaɗan ne yana kawo ciwon kai da raguwar natsuwa, ga shi tsoro yana sa gumi. Amma ruwan ka fara shan sa tun jajibiri, da safe kuma tambulan ɗaya ko biyu tare da abinci. In fitsarinka ya yi haske ruwan jikinka ya isa, in ya yi duhu ka ƙara.

Daga saura awa ɗaya ka koma kurɓa kawai, don jiƙa baki.

Hattara: kada bushewar baki ta ruɗe ka ka ɗaga gora guda a ɗakin jira. Bushewar ta tsoro ce, kurɓi biyu ko alewa ɗaya sun isa su kawar da ita. Wanda fitsari ya matse ba ya iya haƙuri a mahaɗa, sai ya yi ta gaggawar shiga inda ya kamata ya jira.

8. Shayi, gahawa da lemon ƙarin kuzari

Ƙa'idar mai sauƙi ce: yadda ka saba, daidai yadda ka saba. In kullum kana shan gahawa kofi ɗaya da safe, ranar ma ka sha ɗaya, don in ka yanke ta kwatsam ciwon kai da kasala za su biyo baya. In ba ka sha, ranar ba ranar farawa ba ce. Kofi ɗaya na gahawa yana da kafeyin wajen miligiram 80 zuwa 100, shayi bai kai haka ba, kuma yana kaiwa ƙololuwar aikinsa tsakanin minti 30 zuwa awa ɗaya bayan an sha.

Lemukan ƙarin kuzari kuwa ni dai ina hana ɗalibaina ranar gwaji, ba ragi. Ka duba, adirenalin ya riga ya sa zuciyarka gudu, hannunka yana gumi, sai ka ɗora kafeyin da tulin suga a kai, yawanci ma a cikin da ba komai. Sakamakon shi ne ƙafa mai rawa, kuma ƙafa mai rawa ba ta iya riƙe kuloci a kan hawa, ba ta iya taka totur a hankali, birki ma sai dai ta doka shi. Ga yawan fitsari. Wanda bai yi barci ba ya ce zai rufe da gwangwani biyu, idonsa zai buɗe amma hukuncinsa a kan hanya ba zai dawo daidai ba. In gaskiya ba ka runtsa ba sam kuma kana jin kanka yana yawo, ka nemi a ɗage maka, ran mutane ne a kan titi.

9. Magunguna, da masu ciwon suga

Duk maganin da za ka sha daren jajibiri ko da safe ka karanta takardarsa. Magungunan mura da na atishawa da na ƙaiƙayi irin na da, da maganin tari mai kodin, da wasu magungunan hana amai a mota, suna sa barci kuma suna rage saurin hankali. In mura ta kama ka, ka gaya wa mai ba da magani cewa tuƙi za ka yi ya zaɓa maka wanda ba ya sa barci. Kada ka karɓi ƙwayar kwantar da hankali daga hannun aboki, komai yadda ya yabe ta. Wanda kuma likita ya ɗora shi a kan magani na kullum kada ya tsallake don gwaji, ya sha a lokacinsa, in ana shan sa da abinci ya tsara abincin a kai.

Mai ciwon suga, musamman mai allurar insulin ko mai shan ƙwayoyin da ke iya faɗar da suga, naka ya fi na kowa muhimmanci. Ka auna sukarin jininka kafin ka fito, ka sake aunawa dab da shiga mota. In ya kai 5 ko ƙasa a ma'aunin mmol/L, wato wajen 90 a ma'aunin mg/dL, ka ci wani abu kafin ka tuƙa. In ya yi ƙasa da 4, wajen 70 kenan, ko kana jin alamun faɗuwarsa, kada ka kama sitiyari. Ka sha abu mai suga mai saurin aiki kamar giram 15, ƙwayar gulukos ko ruwan lemo rabin tambulan, ka jira minti 15 ka sake aunawa, kuma ko ya dawo daidai ka ba ƙwaƙwalwa kamar minti 45 ta wartsake. Abin da ke da haɗari a nan shi ne alamun faɗuwar suga, rawar jiki da gumi da bugun zuciya, sak suke da alamun tsoron jarrabawa, to kada ka yi zato, ka auna. Ka sanar da mai gwajin tun farko, ka ajiye abin zaƙin inda hannu zai kai, kuma ka zauna da likitanka ku tsara ranar tun kafin ta zo.

10. Ɗakin jira da mintunan ƙarshe

Saura minti 30 zuwa 45, ka fito da ayabarka. Za ka ji ana cewa wai ayaba tana kashe tsoro, ni ban ɗora ta a kan wannan ba. Abin da ya sa nake son ta shi ne tana da sauƙin narkewa, matsakaiciya tana ba ka wajen giram 27 na sitaci da suga, ba ta ɓata hannu da maiƙo, ba ta buƙatar cokali. In ba ka son ta, biskit biyu da 'yar gyaɗa ma sun yi. In jira ya yi tsawo ka dinga taɓa kaɗan duk bayan awa ɗaya da rabi ko biyu, kada ka bar wurin ka tafi neman abinci mai nauyi a kira sunanka ba ka nan.

Hattara: in wani a layi ya miƙo maka abin da ba ka saba ci ko sha ba, ka yi godiya ka ce ka ƙoshi.

Saura minti 10, ka shiga banɗaki ko ba ka ji ya matse ka ba. Ka wanke hannu da sabulu ka goge ya bushe ƙarau, hannu mai maiƙo ko danƙon zaƙi yana zamewa a sitiyari. Ka kurɓi ruwa sau biyu, ka rufe gorar da kyau ka sa ta cikin jaka ko aljihun ƙofa, kada ka yar da ita a ƙasan kujerar direba, gora tana iya gangarawa ta shige ƙarƙashin birki. Cingam ko alewar da ke bakinka ka fitar kafin ka shiga, don za ka yi magana da mai gwaji kuma ba ka son abu ya sarƙe ka lokacin da ka taka birki da ƙarfi. Daga nan sai gyara kujera, madubi, bel.